Tsufa da Ƙwaƙwalwa: Me Ya Sa Baba Ya Rage Sauri?

A wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri. Za mu yi zancen tsofaffinmu, waɗanda suka koya mana riƙon fartanya.

Abin da ya jawo maganar kuwa tambaya ce da wata 'yar'uwa ta yi a taron ƙungiya bayan girbi. Ta miƙe ta ce, "Malam, lamarin surukata ne ya dame ni. Inna ta haura shekara 70. Da can ita ce uwar adashin unguwarmu, ba ta taɓa ɓata lissafi ba. Yanzu sai ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba. Ran nan da tsakar dare aka tsince ta a bakin rijiya, ta ce gidan mahaifinta take nema. Maƙwabta sun fara ƙus-ƙus wai mayya ce, har sun hana 'ya'yansu shiga gidanmu. Yaya zan yi?"

Ba ta gama zama ba sai wani dattijo ya ce, "Ni ma ga tawa. Hankalina garau yake. Amma in na ga mutum sai sunansa ya ɓace mini, sai ya wuce kana in tuna. Gonar da nake nomewa a kwana biyu yanzu sai ta ci mini huɗu. Ko ciwon Inna ne ya fara kama ni?"

Mun amsa musu a taƙaice a ranar, muka kuma yi alkawari za mu rubuta amsar filla-filla. Abin da ke damun Baba dabam, abin da ke damun Inna dabam. Kafin mu rarrabe su, tilas mu san yadda ƙwaƙwalwa take aikinta.

YADDA SAƘO KE TAFIYA CIKIN KAI

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, watau sun ninka yawan mutanen duniya sau 10. Duk abin da muke yi, ko ɗaga ƙafa ne, ko tuna suna, ko jin daɗi, saƙo ne ke wucewa daga wata ƙwaya zuwa wata. Amma ƙwayoyin nan ba manne suke da juna ba. Tsakanin kowace biyu akwai ɗan rata, wanda silin gashi ya fi shi kauri fiye da sau 1,000.

To, yaya saƙo ke haye ratan? Ƙwaya ta fari takan saki wani sinadari kaɗan. Mu kira shi ɗan aike. Ɗan aiken ya haye, ya tarar da ƙofofi a jikin ƙwaya ta biyu. Kowace ƙofa da irin kubarta, kowane ɗan aike kuma da irin mabuɗinsa. In mabuɗi ya dace da kuba, ƙofa ta buɗe, saƙo ya shiga. Da zarar ya shiga, akwai masu shara da ke kwashe ɗan aiken daga wurin, domin a ba saƙo na gaba hanya.

Wani likita mai suna Otto Loewi ne ya fara tabbatar da haka a 1921, a garin Graz na ƙasar Ostiriya. Ya sa zuciyar kwaɗo cikin ruwan gishiri tana bugawa. Ya taɓa jijiyarta da lantarki, bugun ya ragu. Sa'an nan ya ɗebi ruwan ya zuba wa zuciyar wani kwaɗo wadda ba a taɓa ba, ita ma bugunta ya ragu. Ashe jijiyar ta saki wani abu cikin ruwan. Wannan abu shi ne ɗan aiken da ake kira asetilkolin. A kan wannan aiki aka ba shi kyautar Nobel a 1936, tare da Henry Dale na Ingila.

'Yan aiken suna da yawa, amma huɗu za mu riƙe:

1. Dofamin: na motsin jiki, da himma, da saurin tunani.
2. Asetilkolin: na mai da hankali da riƙe sabon abu. Shi ne kuma ke kai saƙo daga jijiya zuwa tsoka.
3. Serotonin: yana da hannu cikin kwanciyar rai, da barci, da son abinci.
4. GABA: shi ne birki. Yana kwantar da ƙwaƙwalwa in ta yi zafi.

KUN RIGA KUN SAN ƘOFOFIN NAN

Kada sunayen su ba ku tsoro. Kun daɗe kuna ganin aikin ƙofofin nan da idonku.

Ku ɗauki goro. Tun safe akwai wani sinadari da ke taruwa cikin kai, yana buɗe ƙofofin da ke sa gyangyaɗi. Abin da ke cikin goro da shayi yakan je ya toshe waɗannan ƙofofi, sai barci ya gudu. Taba kuma, ta sha ko ta shaƙa, mabuɗin ƙarya ce da ke buɗe wasu ƙofofin asetilkolin. Burkutu da sauran giya suna ƙara wa GABA ƙarfi, watau suna taka birki, shi ya sa mashayi ke tangaɗi, harshensa ya yi nauyi.

Sai zaƙami. Kowa ya ga abin da yake yi wa yaron da ya sha shi: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, ya yi ta sambatu, bai san uwarsa ba, gari ya waye bai tuna kome ba. Zaƙami yana toshe ƙofofin asetilkolin ne. Ku riƙe wannan misali, gama za mu komo kansa.

ABIN DA TSUFA KE YI WA ƘOFOFIN

Da can sai mutum ya mutu kana likitoci ke iya duba ƙofofin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa. A 1983, a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aka fara ɗaukar hoton ƙofofin dofamin cikin kan mai rai, da wata na'ura da ake kira PET. A shekara ta gaba, 1984, likitocin wurin suka buga sakamakon awon da suka yi wa matasa da tsofaffi masu lafiya. Suka ga ƙofofin dofamin da na serotonin suna raguwa yayin da shekaru ke ƙaruwa. Tun daga lokacin an sake wannan awo sau da yawa a ƙasashe dabam dabam, amsar kuwa ba ta sake ba.

Ga yadda lissafin yake. Bayan mutum ya mallaki hankalinsa, ƙofofin dofamin suna raguwa da kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara 10. Ke nan tsakanin shekara 30 da 70 mutum yakan rasa wajen ɗaya cikin biyar, har zuwa ɗaya cikin uku. Wannan ga mai lafiya ke nan. Ba ya barin sarki, ba ya barin talaka.

Wani abin lura shi ne, a jikin tsoho mai lafiya ƙwaƙwalwa tana ci gaba da yin dofamin kusan yadda ta saba. Masu karɓarsa ne suka ragu. Waɗanda suka taɓa kai auduga wurin awo a Funtuwa ko Malumfashi za su gane wannan da sauri. A ce bara sikeli 10 ke aiki, bana kuwa 7 kaɗai. Audugar tana nan, kyanta bai ragu ba, za a kuma auna ta duka. Sai dai layi ya yi tsawo, mutum ya kai yamma bai tafi gida ba.

Haka kan Baba yake. Sunan mutumin nan yana ciki, yana bin layi ne. Shi ya sa yake zuwa bayan mutumin ya wuce. Raguwar ƙofofin nan tana cikin dalilan da ke sa tsoho:

Ya rage saurin tafiya, takunsa ya gajarta.
Ya sha wuyar yin abu biyu a lokaci guda, kamar ƙirgar kuɗi ana yi masa magana.
Ya daɗe kafin ya koyi sabon abu, kamar aika kuɗi ta waya.
Barcinsa ya yi shara-shara, ya farka tun kafin zakara ya yi cara.

Amma akwai abin da tsufa ba ya saurin taɓawa, shi ne sanin da mutum ya tara. Kalmomi, da labarun da, da iyakar gonaki, da sanin wace ƙasa ke son dawa wace ke son gero, duk suna nan. Tsoho yakan dubi hadari ya ce wannan ba na shuka ba ne, a kuwa tarar gaskiyarsa. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Saboda haka in dattijo ya yi jinkirin amsa a taro, a jira shi. Amsar tana tafe.

TSUFA DABAM, CIWO DABAM

Yanzu mu komo ga Inna. Nata ya wuce raguwar sikeli. A nata, gonakin audugar ne ke mutuwa, watau ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da kansu. Akwai abubuwa uku da ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya iya rarrabewa.

Na fari, ciwon mantuwa, wanda mutanenmu ke kira gigin tsufa. Irinsa da ya fi yawa an sa masa sunan Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906. A 1976 masana a Biritaniya suka gano cewa masu wannan ciwo sun yi asarar asetilkolin ƙwarai. Kun tuna yaron da ya sha zaƙami? Shi an toshe masa ƙofofin ne na dare ɗaya. Mai wannan ciwo kuwa ɗan aiken ne ke ƙarewa a hankali, shekara da shekaru. Akwai kuma irin da hawan jini ke kawowa, sa'ad da ƙananan hanyoyin jini na cikin kai suka toshe.

Ga yadda za ku gane bambanci. Tsoho mai lafiya yakan manta inda ya ajiye lauje, daga baya ya tuna. Mai ciwo yakan riƙe lauje bai san amfaninsa ba. Mai lafiya yakan manta sunan baƙo. Mai ciwo yakan manta sunan 'yarsa, ya ɓata a hanyar rijiyar da ya yi shekara 40 yana bi, ya yi tambaya ɗaya sau goma.

Ba kowane tsoho ke kamuwa ba. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada tsofaffi fiye da 300 a Zariya, suka buga sakamakon a 2011: kusan 3 cikin 100 ne ke da ciwon. Kafin su, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Farfesa Hugh Hendrie na Amurka sun gwada 'yan shekara 65 zuwa sama a garuruwa biyu. A 1995 suka ba da labari cewa a Ibadan kimanin 2 cikin 100 ne, amma a cikin baƙar fatar garin Indiyanafolis na Amurka kimanin 8 ne cikin 100. Sun kuma lura cewa hawan jini da ciwon sukari da kitse cikin jini sun fi yawa a wajen na Amurka. Darasin da ke ciki shi ne, irin cin mutum da zamansa suna da hannu cikin lamarin.

Na biyu, ciwon karkarwa, wanda James Parkinson na Ingila ya bayyana a 1817. A nan ƙwayoyin da ke yin dofamin ne ke mutuwa. Hannu yakan yi rawa sa'ad da mutum ke zaune shiru, jiki ya sandare, fuska ta daskare, tafiya ta zama ta jan ƙafa. Da yake yawancin ƙofofin suna nan, in aka ba shi maganin da ake kira lebodofa, wanda jiki ke mayarwa dofamin, yakan sami sauƙi sosai, har ya koma ƙananan ayyuka. Kada a bar irin wannan mutum a ɗaki a ce tsufa ne.

Na uku, ruɗewar farat ɗaya. Tsohon da jiya lafiya lau yake, yau ya tashi yana sambatu, bai san inda yake ba. Wannan na gaggawa ne. Sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko ƙishirwa lokacin bazara, ko wani magani da ya sha. In aka yi maganin dalilin, hankalinsa yakan komo. A kai shi asibiti a ranar. Haka kuma in baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ke nan, kada a kwana.

Game da zargin maita, bari mu ba ku wani labari na ƙasarmu. A Kalaba, a ƙarni na 19, wanda aka zarga da maita akan ba shi wani wake mai dafi, wanda suke kira esere. In ya amayar ya rayu, a ce ba shi da laifi. In ya mutu, a ce laifinsa ne ya ci shi. Mutane da yawa sun hallaka haka. Daga baya aka kai waken Turai, a 1864 masana a Jamus suka fitar da sinadarinsa, aka kuma gano cewa yana hana masu shara kwashe asetilkolin. Ɗaya daga cikin magungunan da likitoci ke ba masu ciwon mantuwa yanzu, mai suna ribastigmin, a kan tsarin wannan sinadari aka ƙera shi. Irin waɗannan magunguna ba su warkarwa, suna dai rage wahala na wani lokaci. Tsohuwar da ke yawo da dare tana kiran sunan matattu mara lafiya ce, kamar mai kuturta ko mai tarin fuka. Dokar Nijeriya ma ta haramta zargin mutum da maita.

MAGANI DA JIKIN TSOHO

Wannan shi ne sashen da muka fi so ku karanta wa juna. Tun da ƙofofin tsoho sun riga sun ragu, ba shi da rara. Maganin da zai toshe wa saurayi ƙofa biyu cikin goma bai ji kome ba, shi zai toshe wa tsoho biyu cikin bakwai ya ruɗe. Ga shi kuma hanta da ƙoda sun rage saurin fitar da magani daga jiki. Ku lura da iri uku da ake samu a kemis:

Magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton da Phenergan. Suna toshe ƙofofin asetilkolin, kamar ƙaramin zaƙami. Sukan sa tsoho ruɗewa, da bushewar baki, da taurin bayan gida, da riƙewar fitsari ga maza.

Ƙwayoyin barci, irin su Valium. Suna taka birkin GABA, ƙwaƙwalwar tsoho kuwa ta fi jin su. A jikin ɗan shekara 20, rabin ƙwayar kan fita cikin kimanin awa 20. A jikin ɗan shekara 80 takan kai awa 80 ko fiye. In yana sha kowane dare, ta jiya ba ta fita ba ta yau ta hau kanta. Sai ya tashi fitsari da dare ya faɗi, ƙugu ya karye. Tsofaffi da yawa daga wannan kwanciya ba su sake tashi ba. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari rana ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali.

Wasu magungunan amai da na taɓin hankali, irin su Plasil da Largactil. Suna toshe ƙofofin dofamin. Tsoho yakan fara karkarwa da sandarewa kamar mai ciwon Parkinson, alhali magani ne ya jawo.

Mun san dalilin da ya sa ƙwayar barci ta yi kasuwa a wajenmu. Hare-haren 'yan bindiga sun tayar da ƙauyuka da yawa a ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ba kuwa wanda ya manta ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe a watan Disamba na 2020. Tsofaffi da yawa sun bar gidajen da aka haife su sun koma wurin dangi a gari. Tsoro ya hana su barci. Wanda kansa ya fara rauni kuwa, a gidansa ƙafarsa ta san hanyar makewayi ko cikin duhu, amma a baƙon wuri sai ya rikice. Irin wannan tsoho ya fi bukatar fitila a ɗaki, da tabarmarsa da sandarsa da ya saba da su, da wani nasa kusa da shi, fiye da ƙwaya.

Ka'ida ke nan: kada a sayo wa tsoho magani da ka. In za a kai shi asibiti, a tattara duk abin da yake sha, na kemis da na gargajiya, a zuba a jaka a nuna wa likita. Burkutu ma haka. Ƙwaryar da Baba ke shanyewa yana ɗan shekara 40 ya hau keke, ita ce za ta kayar da shi yana ɗan 70.

MAGANIN FESHI

Mu manoma muna da wani haɗari da ɗan birni ba shi da shi. Fiya-fiya da Sniper da danginsu suna kashe ƙwaro ne ta hanyar kashe masu sharar asetilkolin. Ɗan aike ya taru a bakin ƙofa, saƙo ya yi ta shiga ba tsayawa, har ƙwaron ya mutu. Jikin mutum ma da masu sharar nan yake aiki. Wanda maganin ya shiga jikinsa yakan yi ta dalalar da miyau, da gumi, da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi wuya. A tuɓe masa tufafi, a wanke shi da sabulu, a garzaya asibiti tare da kwalbar. A 2019 Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben wannan magani. Kada a zuba shi cikin wake ko masara. Buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba.

Sai maganin ciyawa mai suna farakwat, wanda aka fi sani da Gramoxone. Wani bincike da aka yi a kan manoman Amurka, aka buga a 2011, ya nuna waɗanda suka yi aiki da shi sun fi sauran kamuwa da ciwon karkarwa da wajen ninki biyu da rabi. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana shi tun 2007. Saurayin da ke feshi ba takalmi, yana motsa magani da hannu, yana hura bakin famfo da bakinsa, tsufansa yake ci tun yanzu.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA IYA YI

Ba wani magani a kasuwa da ke mayar da ƙofofin da suka tafi. Mai mota da lasifika da ke tallar maganin ƙarfin ƙwaƙwalwa ranar kasuwa kuɗinku yake so. Amma ana iya tsare abin da ya rage. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da mutum ke iya gyarawa, ya ce su ne ke bayan kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon mantuwa a duniya. Yawancinsu suna hannunmu. Ga shawararmu:

1. Ƙungiya ta sayi ma'aunin hawan jini guda ɗaya, a koya wa mutum biyu aiki da shi. A auna duk wanda ya haura shekara 40 a taron wata-wata. Wanda nasa ya kai 140 bisa 90 sau biyu ko uku, a tura shi asibiti. Maganin hawan jini kullum ake sha, ba sai kai ya yi ciwo ba.

2. A rage gishiri da ɗunkulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya.

3. A ba tsoho rabonsa na nono, da ƙwai, da kifi, da hanta. Akwai sinadarin da jijiya ke bukata, mai suna B12, wanda daga irin wannan abinci ake samunsa. Cikin tsoho ba ya tsotsarsa sosai, rashinsa kuwa yana kawo mantuwa da mutuwar ƙafa, ana kuma maganinsa.

4. A kula da ido da kunne. Tsohon da ba ya ji ba ya gani yakan janye daga mutane, kansa ya yi sanyi. Ana cire yanar ido a Asibitin Ido na ECWA da ke Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kunne ta Ƙasa.

5. Kada a ƙwace wa tsoho aiki duka da sunan tausayi. A bar masa lambun bayan gida, da zaɓen iri, da kiwon kaji, da tufkar igiya. Ya riƙa tafiya kullum, ya sha hantsi. Goro da shayi kuwa a tsaya da su daga azahar, domin barci ya samu.

6. Ajin yaƙi da jahilci ya karɓi tsofaffi. Za su yi jinkiri, amma za su koya. 'Ya'yanmu kuma, mata da maza, su zauna a makaranta, gama ƙarancin karatu yana cikin abubuwa 14 ɗin nan.

7. Ƙungiya ta tanadi takalman roba, da safar hannu, da abin rufe hanci, a riƙa ara wa masu feshi. Tsoho da yaro da mai ciki kada su yi feshi. Mai hawa babur ya sa hular kwano, gama bugun kai yana cikin lissafin. Hayaƙin murhu ma haka, a yi wa madafa taga.

8. Tsohon da ya daina cin abinci, ya daina fira, yana cewa gara ya mutu, mai yiwuwa ciwon baƙin ciki ne. Yakan yi kama da mantuwa, amma yana jin magani. A kai shi a duba.

9. A taimaki mai jinya. Matan zumunta su riƙa karɓarta ko da yini ɗaya a mako, ta je kasuwa ta huta. A rufe bakin rijiya, a kau da ashana da maganin feshi. In mara lafiya ta ce gidan mahaifinta za ta, kada a yi gardama da ita. A ce, "To Inna, bari mu sha kunu tukuna," a ja ta da fira.

A fara daga asibitin da ke kusa, na Ƙanƙara, ko Malumfashi, ko Funtuwa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ku asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya, ko na Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Ga Baba mai tambaya, amsarmu ita ce: tun da kai da kanka ka lura, sunan kuma yana dawo maka, kana riƙe da lissafin gonarka, ga alama tsufa ne kawai. A auna jininka, ka ci gaba da zuwa taro. Ga 'yar'uwarmu kuma: ki kai Inna asibiti tare da duk magungunan da take sha. Dattawan ƙungiya su je su zauna da maƙwabta su bayyana musu abin da muka rubuta a nan. Matar da ta riƙe adashin unguwa shekara da shekaru ba ta ci kwabon kowa ba, bai kamata ta ƙare kwanakinta yara suna gudunta ba.

TAMBAYOYI DOMIN TARON ƘUNGIYA

1. Tsofaffi nawa ne a ƙauyenmu da suka haura shekara 65? Wa ke kula da kowannensu?
2. Akwai wanda ake zargi da maita ko hauka, alhali alamunsa na ciwon da muka karanta ne? Wa zai je ya yi magana da danginsa?
3. Nawa kowa zai ba da domin mu sayi ma'aunin hawan jini da kayan feshi kafin damina?

Sakataren kowace ƙungiya ya rubuto mana abin da kuka shirya. Ku gaida mana tsofaffin gida. Allah ya kai mu damina lafiya.